Masu tara agogo: shin kuronogiraf ya cancanci kuɗinsa da ɗawainiyarsa?

Nuraddin Zariya ya rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena masu sha'awar agogo. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya daɗe yana yi mini kai-kawo a zuciya. Agogunan da nake da su a yanzu duk masu hannu uku ne, na awa da na minti da na sakan, sai ɗan gurbin kwanan wata: akwai Seiko 5 da na gada daga mahaifina, Allah Ya gafarta masa, da Orient mai yi wa kansa wani, da kuma Casio na batir da nake ɗaurawa idan zan shiga aikin da zai iya kwarzane agogo. To yanzu na tara abin da ya sauƙaƙa, ina so in ƙara guda ɗaya da zai fi waɗannan daraja, kuma idona ya kasa barin agogon nan mai maɓallai biyu a gefe da ƙananan da'irori a fuskarsa, wato kuronogiraf, wanda ake dannawa a auna tsawon lokacin da wani abu ya ɗauka.

Abin da ya hana ni yanke shawara shi ne, idan na tambayi kaina me zan riƙa aunawa da shi, ba na samun amsar da za ta gamsar da ni, domin wayar da ke aljihuna tana yin wannan aikin, kuma ta fi shi daidaito. Na kuma ji ana cewa gyaransa ya fi na agogo na yau da kullum tsada nesa ba kusa ba, kuma yana da kauri a hannu har ya kan hana hannun kaftani sauka yadda ya kamata. A gefe guda kuwa, duk wanda na gani ya yi nisa a wannan harka sai in tarar yana da aƙalla guda ɗaya, wasu ma suna cewa tarin agogon da babu kuronogiraf a cikinsa bai cika ba. Shin wannan magana tana da tushe, ko yayi ne kawai? Da kuɗi iri ɗaya, ya fi kyau in sayi agogo mai hannu uku mai inganci ƙwarai, ko in sayi kuronogiraf matsakaici? Ina roƙon waɗanda suka riƙe shi shekara da shekaru su faɗa mini gaskiyar abin da suka gani.

Alhaji Bawa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Nuraddin. Allah Ya jiƙan mahaifinka, kuma ka riƙe wannan Seiko 5 da kyau. Amsata a taƙaice ita ce ya cancanta, amma ba don dalilin da kake nema ba. Idan amfani kake bi, to wayarka ta riga ta kashe maganar, kuma da wannan ma'aunin ai Orient ɗinka ma bai cancanta ba, tunda wayar tana nuna lokaci. Mai tara agogo yana sayen aikin hannu da dabarar da aka zuba a cikin ƙarfe, kuma a wannan fannin kuronogiraf yana da wani abu da sauran agoguna ba su da shi: shi ne ɓangaren inji da kai kake ba shi umarni. Kwanan wata yana juyawa da kansa cikin dare kana barci, hannun sakan yana tafiya ko ka duba ko ba ka duba ba, amma kuronogiraf ba ya motsi sai ka danna, ba ya tsayawa sai ka ce ya tsaya.

Ka sa a ranka abin da ke faruwa a ciki. Injin agogo yana tafiya ba tsayawa, kuma ana so a haɗa masa wani jerin ƙafafu masu haƙora ba tare da ya yi tangal-tangal ba, a cire su a daidai lokacin da aka so, a taka musu birki su tsaya cak, sannan a dawo da hannuwa biyu ko uku kan sifiri a ƙiftawar ido. Wannan dawowar ana yin ta ne da wani ɗan ƙarfe mai siffar zuciya da ke maƙale a ƙarƙashin kowace ƙafa. Idan guduma ta buge shi, ko ta wane gefe yake, dole ya juya ya kwanta a wuri ɗaya. Adolphe Nicole ne ya yi rajistar wannan dabara a Ingila a 1844, kuma har yau da ita ake aiki. Abin da ke tsara duk waɗannan motsi kuwa iri biyu ne. Akwai ƙafa mai ginshiƙai, wadda kowane danni ke juya ta taki ɗaya, sai hannuwan ƙarfe su faɗa tsakanin ginshiƙan ko su hau kansu. Akwai kuma farantin da aka yanke shi da tudu da kwari, wanda ke kai-komo, ya fi sauƙin ƙerawa kuma ya fi araha. Idan ka danna na farko za ka ji laushi da ɗan ƙaramin sauti mai tsabta, na biyun kuwa yakan nemi ƙarfin yatsa kafin ya saki. Wannan bambanci ba a gane shi a hoto, sai an riƙe agogon a hannu.

Sai kuma tarihi, wanda a ganina shi ne rabin daɗin abin. A 1816 Louis Moinet ya ƙera na'urar da ke auna kashi ɗaya cikin 60 na sakan don duban taurari. A 1821 Nicolas Rieussec ya kawo tasa wurin sukuwar dawaki a birnin Faris, kuma tasa ɗigon tawada take sawa a fuskar agogon duk lokacin da doki ya iso, don haka mu masu son doki muna da ɗan rabonmu a asalin abin. Kamfanin Longines ya saka kuronogiraf a agogon hannu a 1913, Breitling ya ware masa maɓalli na kansa a 1915, ya ƙara na biyu a 1934, kuma daga nan ne siffar da ka gani ka so ta samo asali.

Omega Speedmaster ya fito a 1957 don masu tseren mota. A 1965 hukumar NASA ta Amurka ta gwada shi tare da na wasu kamfanoni da zafi da sanyi da girgiza, shi ne ya tsallake, aka amince da shi don tafiyar sararin samaniya. Ɗan sama jannati Buzz Aldrin yana ɗaure da shi a kan duniyar wata a watan Yulin 1969. Amma abin da ya fi burge ni shi ne na Apollo 13 a Afrilun 1970, lokacin da kumbon ya samu matsala aka kashe yawancin na'urorinsa don tattalin wuta, kuma ana buƙatar a kunna injin na tsawon sakan 14 don gyara hanyar dawowa duniya. Da wannan agogon mai wani na hannu aka auna lokacin. A 1969 ɗin nan kuma ɓangarori uku suka yi tseren fitar da kuronogiraf mai yi wa kansa wani: Zenith da El Primero mai bugu 36,000 a awa, wanda ke iya auna kashi ɗaya cikin 10 na sakan, da haɗin gwiwar Heuer da Breitling da Hamilton-Buren da Dubois Dépraz da suka fitar da Calibre 11, da kuma Seiko na Japan da injinsa mai lamba 6139. Har yau masana ba su daina gardamar wanda ya riga wani ba. Da agogon batir ya mamaye kasuwa, masu Zenith na wancan lokacin suka ba da umarni a 1975 a daina injin mai wani a watsar da kayan ƙera shi, sai wani ma'aikaci mai suna Charles Vermot ya kwashe kayan da zane-zanen ya ɓoye su a saman rufin masana'anta. Saboda wannan taurin kan nasa ne aka iya farfaɗo da injin, har Rolex ya yi amfani da shi a kuronogiraf ɗinsa mai suna Daytona daga 1988 zuwa 2000.

Wanda ya san waɗannan abubuwa, idan ya danna maɓallin sama ya ga dogon hannun nan ya tashi, abin da yake ji daban ne da na wanda ya saya don ƙananan da'irorin sun yi masa kyau. Ban yarda da masu cewa tari bai cika ba sai da shi, domin na san mutanen da suka tara agoguna masu hannu uku zalla kuma tarin nasu abin sha'awa ne. Amma tunda ka ce idonka ya kasa barinsa, ina ganin ka riga ka kamu, saura kawai ka zaɓi wanda ba zai wahalar da kai ba.

Malam Sani mai gyara ya amsa:

Ranka ya daɗe Alhaji, duk abin da ka faɗa haka yake, sai dai ni da nake buɗe bayan agogon ina so Nuraddin ya ji ɗaya ɓangaren kafin ya fitar da kuɗinsa. Ƙanena, mai sayen doki ba kuɗin dokin kaɗai yake lissafawa ba, yana lissafa dawa da harawa da mai kula da barga, kuma haka ya kamata ka yi wa kuronogiraf mai wani. El Primero ɗin da Alhaji ya ambata yana da sassa 278. Ranar da za a yi masa sabis, dole a kwance su, a wanke, a mayar da kowane gurbinsa, a ɗiga mai iri daban-daban a wurare daban-daban, sannan a zauna daidaita zurfin shigar haƙora da ƙarfin gudumar da ke mayar da hannuwa sifiri. Wannan daidaitawar ita ce ke cin lokaci, kuma ita ce ba kowane mai gyara ya iya ba. Mutum zai iya ƙwarewa a Seiko 5 da Orient shekaru masu yawa, amma ya kwance kuronogiraf ya mayar, hannun minti ya ƙi tsallakawa ko dogon hannun ya riƙa komawa gefen sha biyu maimakon kanta. Yawancin kamfanoni suna ba da shawarar sabis bayan shekara biyar zuwa bakwai ko abin da ya yi kusa da haka, kuma idan naka irin wanda sai an aika waje ne, to da dala ko yuro za ka biya, ga kuɗin aikawa, ga fargabar hanya.

Yanayin ƙasarmu ma yana da nasa hukuncin. Agogo mai hannu uku rami ɗaya gare shi a gefe, wurin mamurɗin saita lokaci, shi kuwa kuronogiraf uku gare shi, kuma kowane rami da robarsa da ke tare ruwa da ƙura. Zafi yana busar da roba, ƙurar hunturu kuma tana taruwa a gindin maɓallai, ta haɗu da gumi ta daskare, har maɓallin ya riƙa shiga ya ƙi fitowa. Sannan ga alwala sau biyar a rana. Speedmaster irin wanda ya je duniyar wata, juriyar ruwa ta mita 50 aka rubuta masa, kuma wannan lamba ta gwajin masana'anta ce lokacin da robar take sabuwa. Babban haɗarin shi ne a danna maɓalli alhali agogon yana jiƙe, domin dannawar tana iya tura ruwa ciki. An taɓa kawo mini wani da mai shi ya ce bai taɓa shiga ruwa da shi ba, kuma gaskiya ya faɗa, amma da na cire murfin baya sai ga tsatsa ja ta bi sandar maɓallin ƙasa ta isa kan gudumar, ƙarƙashin gilashin kuma da ɗan hazo a gefen ƙarfe huɗu. A wurin alwala yake tura shi sama zuwa gwiwar hannu maimakon ya cire, maɓallin yana dannuwa da fata yana jiƙe. Rolex ya fara sa maɓallai masu murɗawa a kulle a Daytona tun 1965 saboda wannan matsalar, sai dai kuma dole ka kwance su kafin ka auna komai.

Game da kauri, abin da ka ji gaskiya ne. Injin Valjoux 7750, wanda ya fito a 1974 kuma shi ne ya fi yawa a kuronogiraf na Suwizalan masu matsakaicin farashi, kaurinsa milimita 7.9 ne, alhali ETA 2824 mai hannu uku 4.6 ne. Kafin a sa masa gida da gilashi da murfi sai ka ga agogon ya kai milimita 14 ko 15. Duk da haka, idan aka ce in zaɓa maka inji don kwanciyar hankali, shi zan zaɓa, ko ɗan'uwansa Sellita SW500, domin yana da juriya, kayan gyaransa suna samuwa, kuma masu gyara da yawa a duniya sun san shi. Ka kiyaye abu ɗaya tare da shi: kada ka canza kwanan wata da mamurɗi daga wajen ƙarfe takwas na dare zuwa biyu na dare, domin a lokacin haƙoran canjin sun riga sun shiga juna, kana iya karya su.

Wanda nake so ka yi hattara da shi shi ne mai hawa biyu, wato inda aka ɗauko inji mai hannu uku aka ɗora masa faifan kuronogiraf a sama. Ana gane shi da sauƙi: ka kalli agogon ta gefe, idan maɓallan biyu sun ɗan fi mamurɗin tsayi, ba su kan layi ɗaya da shi, to mai hawa biyu ne. Yana aiki lafiya, amma masu gyara da yawa ba sa kwance faifan, sai dai a musanya shi gaba ɗaya. Haka kuma tsohon Seiko 6139, wanda nake ƙauna ƙwarai: ƙafar tsakiyarsa mai ɗauke da kuloci idan ta lalace, samun wata aiki ne babba, domin an daɗe da daina ƙera ta.

Sai maganar jabu, wadda ta cika kasuwanninmu. Yawancin abin da ake sayarwa da siffar kuronogiraf ba kuronogiraf ba ne. Ka danna maɓallin sama: a na gaskiya mai wani, dogon hannun tsakiya da ke tsaye kan sha biyu shi zai tashi, sakan na yau da kullum kuma yana tafiya a ƙaramar da'ira. Idan ka ga dogon hannun yana tafiya tun kafin ka danna, maɓallan kuma ranar mako ko kwanan wata suke matsarwa, ko ƙananan hannuwan manne suke ba sa motsi, to ado ne kawai. Idan na hannu za ka saya, ka kunna shi ka bar shi ya wuce minti ɗaya ka ga hannun minti ya tsallaka daidai, ka tsayar, ka mayar sifiri, ka maimaita daga wurare daban-daban na fuskar, kowane karo ya koma kan sha biyu cif. Kuma kada ka taɓa danna maɓallin ƙasa, mai mayar da hannuwa sifiri, alhali kuronogiraf ɗin yana cikin gudu, sai fa irin wanda aka ƙera don haka, kamar Longines 13ZN na 1936 da ire-irensa na matuƙan jirgin sama.

Dakta Hajara ta amsa:

Malam Sani, Allah Ya saka da alheri, wannan bayani ya isa a ajiye shi. Ni ina so in ƙi yarda da abu guda da Alhaji ya faɗa, cikin girmamawa, wato cewa waya ta kashe maganar amfani. A wurin aikina ba haka abin yake ba. Idan ina riƙe da wuyan hannun mara lafiya ina jin bugun jininsa, ko ina ƙirga numfashin jariri, ciro waya da buɗe ta da neman wurin dannawa ya fi dannawa ɗaya a wuyan hannuna wahala, ban da cewa mara lafiya yakan ɗauka hankalina ya tafi wani wuri. Tun farkon ƙarni na 20 ake yi wa likitoci kuronogiraf mai ma'aunin bugun jini a gefen fuska: ka danna, ka ƙirga bugu 30, ko 15 a wasu, ka tsayar, hannun ya nuna maka adadin bugu a minti ba tare da lissafi ba. Lambobin da ke kan zoben Speedmaster da Daytona ma aiki gare su. Idan ka danna a wata alamar kilomita ka tsayar a ta gaba, inda hannun ya tsaya shi ne gudun motar. Sakan 30 yana nufin kilomita 120 a awa, domin 3,600 ake rabawa da adadin sakan. Wanda ya saba da agogonsa zai samu abin aunawa, daga kiran waya zuwa tsawon lokacin da janareta ya yi yana aiki.

Sai dai wanda nake sawa asibiti na batir ne, kuma ban ga dalilin raina shi ba. Seiko ya fitar da 7A28 a farkon shekarun 1980, kuronogiraf na batir mai hannuwa na farko, injinsa na ƙarfe ne da ake iya kwancewa a gyara, kuma masu tara agogo suna nemansa yau. Akwai kuma injunan Seiko na jerin VK, inda batir ke riƙe lokaci amma maɓallan da komawa sifiri na ƙarfe ne, don haka kana jin danni irin na mai wani, hannun kuma ya koma sha biyu farat ɗaya. Ga mai siririn hannu irina wannan ya warware matsalar kauri.

Abin da nake jan kunnenka a kai, Nuraddin, shi ne kada kowa ya sayar maka da kuronogiraf da sunan jari. Kullum labarin da ake bayarwa shi ne na Daytona ɗin ɗan wasan fim na Amurka Paul Newman da aka yi gwanjonsa a New York a Oktoban 2017 a kan dala miliyan 17 da dubu 750 da 'yan kai. Wannan kuɗin sunan mai agogon aka biya. Daytona na farko da ya fito a 1963 ya daɗe yana kwantai a shaguna, kuma babu wanda ya hango abin da zai zama. Farashin manyan agoguna a kasuwar na hannu ya yi tashin gwauron zabo har zuwa farkon 2022, daga nan ya sauko sosai, waɗanda suka saya a ƙololuwa suka yi asara. Matsakaicin kuronogiraf kuwa, irin wanda kuɗinka zai saya, darajarsa raguwa take yi daga ranar da ka fita da shi daga shago, kuma kuɗin sabis ba ya dawowa idan ka tashi sayarwa.

Nuraddin Zariya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai Alhaji, Malam Sani da Dakta, Allah Ya ƙara girma. Na fahimci cewa abin da ke ja na shi ne injin da dannawar, don haka na batir ba zai kashe mini ƙishirwa ba, ko da yake maganar Dakta ta sa na daina yi masa kallon na baya. Kuɗina ba za su kai Speedmaster ba. Abin da ke gabana shi ne ko dai in sayi na hannu mai 7750 da kusan duk abin da na tara, ko in sayi Seagull 1963 na ƙasar Sin da wani kaso kaɗan in ajiye sauran. Shin na Sin ɗin agogo ne da mai tari zai ajiye ba tare da jin kunya ba?

Alhaji Bawa ya sake amsawa:

Babu abin kunya a cikinsa ko kaɗan, Malam Nuraddin, kuma na karɓi gyaran Dakta a kan maganar amfani. Injin da ke cikin wannan agogon, ST19, asalinsa Venus 175 ne na Suwizalan. A shekarun 1960 kamfanin Venus ya sayar wa ƙasar Sin kayan ƙera shi, masana'antar agogo ta birnin Tianjin ta yi amfani da su ta yi wa matuƙan jiragen sojan sama agogo, kuma wanda ake sayarwa yau maimaicin wancan ne. Mai wani ne na hannu, yana bugu 21,600 a awa, kuma yana da ƙafa mai ginshiƙai, abin da 7750 mai ninkin kuɗinsa ba shi da shi. Tunda babu faifan nan mai lilo na masu yi wa kansu wani da zai rufe shi, idan ka samu mai murfin gilashi a baya za ka ga komai: ka juya shi, ka danna, ka ga ƙafar ta matsa taki ɗaya, hannun kuloci ya sauko haƙoransa sun kama ƙafar tsakiya, birki ya ɗaga. Ga wanda injin ne ya ja shi, wannan kallon ya fi duk bayanin da na yi maka a sama.

Amma ka san iyakarsa. Ingancinsa yakan bambanta daga guda zuwa guda, don haka ka saya wurin wanda zai karɓa ya musanya idan ya zo da matsala, kuma ka yi masa gwajin da Malam Sani ya koya maka tun ranar da ya iso. Masu haɗa agogo da wannan suna suna da yawa, ba duka ne daga masana'antar Seagull suke fitowa ba, sai ka tambaya a fili wa ya haɗa shi. Ba ya son ruwa sam, ka cire shi ka sa a aljihu kafin alwala. Kulocinsa na gefe ne, ba irin na Seiko 6139 ko Daytona na bayan 2000 ba da ake iya barinsu suna gudu yini guda, don haka idan ka gama awo ka tsayar da shi, domin barinsa yana ƙara wa injin nauyi kuma yana cin haƙoran. Ranar da ya nemi sabis kuma, sau da yawa sayen sabon inji a musanya ya fi kwance tsohon araha.

Da ni ne kai, shi zan fara da shi, in ɗaura shi shekara guda ta wuce da hunturunta da bazararta da daminarta. A cikin wannan lokaci za ka gane ko yatsanka yana zuwa kan maɓallin da kansa ko kuwa dogon hannun zama zai yi kan sha biyu wata da watanni. Idan na farkon ne, kuɗin da ka ajiye sun zama harsashin mai 7750 ko ma Speedmaster na hannu, kuma kafin ka saya ka fara samun mai gyaran da ya taɓa kwance irinsa, ka tambaye shi nawa yake karɓa da kuma inda yake samo kayan gyara. Idan na biyun ne, sai ka koma kan mai hannu uku mai inganci da ka ambata tun farko, Seagull ɗin kuma ya zauna a akwati kusa da Seiko da Orient.